Na sayi tsohuwar motar 'yan kwana-kwana a Bukuru, in yanke bodin ko in bar ta yadda take?

Ɗan_Gangare

Salam jama'a, ya sanyi? Dan Allah masu sanin manyan motoci ku matso kusa, na yi wata kasada da har yau uwargida bata gama hucewa ba.

Sati uku da suka wuce naje wani yadi can ta wajen Bukuru, na wani kamfani ne da ya daɗe da durƙushewa ana ta gwanjon kayansa, ni wlh janareta naje dubawa ba mota ba. Janaretan bai min ba, ina juyowa zan tafi sai na hango wata jar mota a gindin mangwaro, ganye ya cika rufinta, tayoyi biyu sun kwanta, kaji har sun yi ƙwai a akwatin da ake ajiye mesa. Motar kashe gobara ce, Benz ɗin nan mai gajeren hanci, ƙirar 911 da muka tashi muna gani tana ɗauko itace da dankali, sai dai ita wannan 1113 aka rubuta a jikinta. Farantin da ke bakin ƙofa ya nuna 1978, rubutun da ke kan famfo da mitoci duk da Jamusanci ne, sitiyari a hagu. Mai gadi yace tun kamfanin na da rai suka shigo da ita tokumbo don tsaron yadinsu, kuma rabon da yaga ta motsa an fi shekara goma. Wai washegari 'yan gwangwan za su zo su yanka ta da gas su auna a kilo.

Ni dai ban san abin da ya shiga kaina ba. Tun ina firamare in naji jiniyar 'yan kwana-kwana sai in bar abin da nake in bi ta da gudu har silifas ya tsinke, shi ne naji ba zan iya tsayawa a yanka wannan a gabana ba. Na ɗora wani abu a kan tayin 'yan gwangwan, kuɗin bai ma kai na tsohuwar Golf 3 ba, aka rubuta min rasit, na nemo tifa ta jawo min ita da ƙarfen ja har filin ƙanina a hanyar Bauchi.

Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne mita, kilomita 31,000 da 'yan kai kawai take nunawa. Motar da ta haura shekara arba'in fa! Muka sa batir biyu sababbi, wani yaron bakanike ya bubbuga famfon mai da hannu, a kik na huɗu ta tashi, farin hayaƙi ya turnuƙe unguwa yara suna ta ihu, can kuma sai ƙarar ta daidaita kamar agogo. Toh amma birki sai ka taka har ƙasa kafin kaji alamar wani abu, kuma da muka zuba ruwa a tanki sai ga shi yana tsiyaya ta gindin famfon baya.

Yanzu shawara ta rabu uku. Ƙanina yace mu yanke bodin gaba ɗaya, mu sayar da famfo da akwatunan, a yi mata bodin katako ta riƙa jigilar kabeji da karas zuwa Farin Gada. Wani abokina yace a'a a cire ƙaramin tankin a ɗora babba na lita dubu goma mu shiga sayar da ruwa, tunda rani ya kama. Ni kuma zuciyata tana ga wata 'yar gona da muke da ita ta wajen Kuru kusa da kududdufin kuza, ina ganin famfon nan zai yi ban ruwa. Uwargida kuma nata ra'ayin in mayar wa 'yan gwangwan abinsu in karɓo kuɗin makarantar yara.

Tambayata: daga ina ake farawa da gyaran irin wannan? Famfon nan yana gyaruwa a Jos? Kuma takardu fa, rasit ɗin nan ya isa? Jiniyar ma tana yi, na gwada sau ɗaya har mai unguwa ya aiko.

Baba_Mai_Benz

Wa alaikumus salam. Ɗana, jikana ne ke rubuta min ina faɗa masa, in kaga kuskure laifinsa ne.

Na fi shekara arba'in ina kwance ƙarƙashin irin waɗannan motoci a Farin Gada, to ka saurare ni da kyau. Lambar nan 1113 ba ado ba ce. Sha ɗaya na farko nauyin da aka yarje wa motar ne da kayanta duka, tan 11, sha uku kuma ƙarfin injin, doki 130. Ita 911 tan 9 ce doki 110. Injin da ke cikin taka OM 352 ne, silinda shida, lita 5.7, babu kwamfuta babu sensa, in akwai gas da iska da batir zai tashi. Shi wannan bana jin tsoronsa ko kaɗan, kayansa suna nan a Dilimi, in babu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, domin Anammco ta Enugu ta daɗe tana haɗa manyan motocin Benz a ƙasar nan, shi ya sa duk garin da ka shiga za ka tarar da wanda ya san shi.

Abin da nake tsoro shi ne kilomita 31,000 ɗin da kake murna da ita. Mota ba tafiya ce kaɗai ke kashe ta ba, zama ya fi ci mata rai. Motar haya da ta yi kilomita dubu ɗari biyar kullum mai yana zagaya jikinta, robobinta suna jiƙe. Wannan kuwa shekara goma tana shan ruwan Jos da ranar Jos a wuri ɗaya, duk wata roba da ke jikinta ta bushe. Bayan haka motar gobara mita ba ta faɗin gaskiyar aikinta, domin injin kan yi awanni yana juya famfo alhali taya ba ta motsa ba, kuma a sanyinta ake murɗa ta a taka totur a fita da gudu. Ka duba kusa da famfo ko akwai mitar awa, ita ce za ta faɗa maka gaskiya.

Kun yi ganganci da kuka tada ta da tsohon man da ke ciki, Allah ya kiyaye. Kar ku sake. A sauke tankin gas a wanke, za ka ga wani baƙin kauci kamar majina a ƙasansa, shi ne ke toshe filta ya kashe nozil. Sabon filta, sabon baƙin mai, na giya da na aksil duk a zubar. A buɗe gidan filtar iska a duba, na taɓa ciro gidan zanzaro mai girman tulu a irin wannan wurin, ɓeraye kuma su ne masu riwaya na farko, sun riga ka duba wayoyin. Lagireto a kai a wanke, tiyoyinsa da fanbel a canza ko da sun yi maka kyau a ido.

Amma duk wannan bayan birki ne. Birkin motar nan na mai ne da iska ke taimaka masa, in ka taka iska ce ke tura masta, wato babbar silindar birki, mai kuma ya je ga wil silinda, wato ƙananan silindojin da ke ƙafafu. Man birki yana jan ruwa daga iska, in ya shekara goma a zaune sai ya cinye cikin silinda. Bara aka kawo min wata da ta yi irin wannan zaman, da na cire durom na ɗaga robar wil silinda, abin da ya zubo ba mai ba ne, wani jan ruwa ne kamar zoɓo, fistan kuma ya manne sai da muka jiƙa shi kwana biyu muka fitar da shi da guduma da katako. Mai motar yana ce min ai Baba tana tsayawa. Ƙafa ɗaya ce kawai ke kamawa a cikin huɗu! Saboda haka masta, wil silinda duka, tiyoyin roba, duk a sauke. Tankin iska akwai ɗan bawul a ƙasansa, ka ja shi ka ga ruwa da tsatsar da za su fito. Akwai kuma wani maɓalli a ƙasa wajen ƙafar hagu da ke toshe salansa injin ya riƙe mota, a tabbatar yana aiki, domin duk wanda zai gangara Hawan Kibo da tan goma a bayansa ya dogara da birkin ƙafa kaɗai, to ya yi sallama da iyalinsa tun a gida.

Taya kar ka kalli zanenta, ka kalli shekarunta. A gefe akwai lambar DOT, huɗun ƙarshe sati ne da shekara, in kaga 2309 to sati na 23 ne a 2009. In uku ce kawai to tun kafin 2000 aka yi ta, sai dai a yi takalmi da ita. Kuma in rim ɗinta mai zobe ne, kar ka bari ƙaramin mai faci ya tsuguna a kanta yana ba ta iska, zoben nan in ya fizge yana kisa. Ka kai wa masu yin na tirela.

Shi kuma abokinka mai tankin lita dubu goma ka gaishe shi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ruwan kaɗai tan goma, ita motar duka-duka tan 11 aka ce mata har da nauyin jikinta. Sifirin zai miƙe, shasi zai tsage, birkin ma ba don wannan nauyin aka yi shi ba. Na san ana yi, ina ganinsu a hanya suna tafe a karkace kamar kaguwa, wajena suke ƙarewa.

Sarkin_Zolaya

Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa 😂 Malam ka je janareta ka dawo da gidan kaji, ni dai ina bayan uwargida. Amma in ta tashi dan Allah ina kamu ranar ɗaurin aurena, a kai ni da jiniya.

Kwanakwana_Ritaya

Baba ya gama magana a kan mota, Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni bari in yi a kan abin da ya sa ta zama motar gobara, domin in ka cire famfo da tanki abin da ya rage tsohuwar gingimari ce kamar kowacce, kuma akwai irinsu birjik da suka fi ta arha. Na yi ritaya daga wannan aiki, rabin rayuwata a bayan famfo na yi ta.

Ɗan uwa yadda ka kwatanta ta, irin motar gobara mai tanki da Jamusawa ke kira TLF 16 ce. Ka goge farantin da ke jikin famfon, in kaga 16/8 to ma'anarsa lita 1,600 a minti ɗaya a kan matsin ruwa na ba 8 ("ba" shi ne ma'aunin matsi, bar a Turance), tankinta kuma wajen lita 2,500 ne. Yi lissafi da kanka, in ka buɗe mata wuta duka ko minti biyu ba za a yi ba tanki ya ƙare. Wannan ne abin da mutanen gari ba su gane ba, sai kaji ana zagi wai 'yan kwana-kwana sun zo ba ruwa. Ruwan cikin tanki na fara kai hari ne kafin a haɗa da wani wurin ruwa, in babu famfon titi babu rafi babu tanka a baya to shi ke nan.

Tsiyayar da ka gani bata tayar min da hankali ba. Da farko ma akwai ɗan famfon zubar da ruwa a can ƙasan famfon, Turawa suna buɗe shi saboda kar ruwa ya daskare ya fasa musu ƙarfe, wataƙila a buɗe aka bar shi. In a rufe yake to shaƙewar da ke kan shaf, wato abin da ke hana ruwa tsiyaya ta nan, ita ce ta bushe, wannan masu gyaran famfon ban ruwa za su iya. Abin da zai sa ka kuka shi ne in gidan famfon ya tsage ko fankar ciki ta cinye, domin wannan ba a Dilimi ake samu ba.

Ga yadda muke gwadawa. A rufe duk bakunan da murfinsu, a zubar da ruwan ciki, a sa giyar famfo wadda kanikawa ke cewa PTO, a kunna ɗan famfon da ke zuƙe iska har allurar mitar ta sauka wajen 0.8 a ɓangaren ja, sai a kashe a zuba wa agogo ido. In minti ɗaya ya cika allurar bata dawo fiye da 0.1 ba, famfonka lafiya lau. In ta dawo fuuu to iska na shiga ta wani wuri, kuma famfon da ke shan iska ba zai taɓa ɗago ruwa daga kududdufi ba. Wannan gwajin na ɗan lokaci ne fa, kar a bar shi yana juyawa a bushe, kuma ko da ruwa a ciki kar a rufe duk bakuna a bar shi yana ta juyawa, ruwan zai yi zafi har ya tafasa ya ƙona shaƙewar. Na ga sabon ma'aikaci ya yi haka ya tafi shan shayi.

Maganar kududdufin Kuru kuma, ka sani ƙarfin nan na lita 1,600 an auna shi ne in ruwa bai fi mita uku ƙasa da famfo ba. Kana ƙara zurfi yana raguwa, wajen mita bakwai da rabi ya kusa gazawa, wannan ma a bakin teku. Mu nan Jos muna sama da mita 1,200, iskarmu bata da nauyi, sai ka rage sama da mita ɗaya a lissafin. Kududdufan kuzan nan kuma ka san bakinsu, gangare ne mai zurfi kuma ƙasar tana zabtarewa, kar ka kai tan goma bakin ramin da ba ka san ƙasansa ba. A sa rariya a bakin mesar zuƙa, a ɗaura mata jarka ta yi iyo kar ta kwanta a yashi, yashin kuza yana cin fanka kamar faifan gurza. Sai ka duba bakunan mesa, na Jamus ana ce musu Storz, murɗawa ake su kama, ba sa shiga da irin na Ingila da aka fi sabawa da su a nan. In akwai ko guda a akwatunan kar ka bari yara su kai wa 'yan gwangwan, alminiyon ne suna sonsa.

Gaskiya dai in don ban ruwa ne kullum, ɗan injin inci uku ya fi maka, yana ba da kusan lita dubu a minti in ba tudu, da ɗan fetur kaɗan. Kai kuma za ka tada injin silinda shida saboda kabeji. Inda taka za ta yi tasiri shi ne tura ruwa nesa ko hawa tudu, misali ka cika babban tanki a saman gona sau ɗaya a sati, daga nan ruwa ya gangaro da kansa.

Abu biyu kuma da nake roƙonka. Na ɗaya kar ka sayar wa kowa ruwan sha daga tankin nan. Ba ka san abin da ya shiga cikinsa ba, kumfar kashe wutar mai da aka daɗe ana amfani da ita tana da sinadaran da ake kira PFAS, ba sa ruɓewa, suna taruwa a jikin mutum, kuma wanki da omo baya raba su da tanki da bututu. In ka tarar da jarkokin kumfa a akwati kar a zubar a gona ko a rafi, kuma in kaga alamar kumfa ta taɓa shiga tankin to ko shuka kar ka ba wa daga cikinsa. Ruwan kwaɓa siminti, buga bulo, danne ƙura a wurin aikin titi, wannan ba laifi. In za ka yi tafiya kuma ko tanki ya cika fal ko ya zama wayam, rabin tanki shi ne mugu, ruwa na kai da kawowa, ka taka birki ya turo ka, ka sha kwana ya kwantar da kai. Akwai farantai a ciki da ke karya ƙarfinsa, leƙa da tocila ka gani ko tsatsa ta cinye su.

Na biyun ya fi damuna. Ranar da unguwa ta san akwai jar mota a filin ƙaninka, to ka daina barci. Ƙarfe biyun dare za a buga maka ƙofa, kuma mutumin Jos da ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Taminus a 2002 ba zai saurari wai birki ne bai gama ba. In baka fito ba ka zama mugu, in ka fito ka watsa ruwa a kan wayar wuta ko man gyaɗa mai tafasa ko fetur ka ƙara ɓarna. Tun yanzu ka samu mai unguwa ka faɗa masa matsayinka, a fara kiran 'yan kwana-kwana ko 112, kai iyakarka ka kawo musu ruwa in sun buƙata. In kana so ka zo in nuna maka kai da yara biyu yadda ake riƙe mesa, domin a matsin ba 8 tana iya kayar da ƙato.

Abu_Hanan_Kubwa

Daga Abuja nake, harkar takardun mota nake yi. Malam rasit kaɗai bai isa ba, ka koma yadin nan tun kafin su watse. Ka nemi takardar da ta nuna wanda ya sayar maka yana da hurumin sayarwa, da takardun kwastan na shigowarta, da tsohuwar rajista in akwai, kuma lambar shasi da ta injin su fito a rubuce a kan takardar cinikin. Ka kankare fenti a jikin shasi ka karanta lambar da idonka. Ni da nake wannan sana'ar an taɓa yi min, na sayi tsohuwar motar asibiti a wani gwanjo, lamba ɗaya tak ta bambanta tsakanin takarda da ƙarfe, shekara guda tana zaune a ƙofar gidana, wanda ya sayar min kuma ya daina ɗaga waya.

Ka yi sa'a taka ta Jamus ce. Tun 2 ga Afrilu 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, saboda haka mai sitiyari a dama matsala ce wajen rajista. Da irin Bedford ɗin nan kore ce ta Ingila, waɗanda aka ƙera tsakanin 1953 da 1956, sojojinsu ke fitowa da su in 'yan kwana-kwana sun tafi yajin aiki, har aka yi gwanjonsu wajen 2005, da sai ka juya sitiyari, ga ta kuma da shan fetur.

Jiniya da shuɗiyar fitila ka cire ka ajiye a ɗaki, dokar hanya bata ba mutum irina da irinka damar amfani da su ba, ko da motar ta zo da su daga kamfani. Duk wani rubutu ko tambari da zai sa a ɗauka ta hukuma ce a goge. In za ka canza fenti ko ka yanke bodi sai an gyara a takarda, VIO za su duba su ba ka shaidar lafiyar mota. Lasisinka in ajin B ne na ƙasa da tan uku ne, bai ɗauki wannan ba. Inshora ma ya danganta da abin da ka ce za ta riƙa yi, tun farkon 2023 ta ƙaramar mota ta koma naira 15,000, ta babbar motar ɗaukar kayan haya kuma 100,000, to ka ga shawarar ƙaninka ma tana da nata kuɗin.

Maman_Hanifa

Ni fa duk naji bayanin maza, amma ba wanda ya ce nawa. Taya shida, batir biyu, birki, walda, fenti, takardu, ga gas da tsadarsa, mijina yana da 911 na san abin da take sha, lita ashirin da wani abu a kilomita ɗari in Allah ya taimaka. Malam ka zauna da matarka ka rubuta mata iyakar abin da za ka kashe, in an kai nan a tsaya, wannan ne zai sa ta huce ba daɗin baki ba.

Amma yankewa kam ban goyi baya ba. Bodin katako ko'ina akwai. A wanke ta a yi mata fenti ta yi ja wur, makarantun kuɗin nan na Rayfield za su biya a kawo wa yara su gani su hau su ɗau hoto, ga masu shirya fim, ga masu biki. Mu nan in an kai yara gidan tarihi ai tsofaffin jiragen ƙasan nan suke rububin gani. Kajin dai a bar wa mai gadi abinsa.

Ɗan_Gangare

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Allah ya ƙara girma, naje Farin Gada na kwatanta ka aka nuna min rumfarka amma ance ka tafi jana'iza, Allah ya jiƙan musulmi.

Ga inda aka kwana. Mitar awa tana nan a bayan wani murfi, 2,140 take nunawa, ashe ta yi aiki ba kaɗan ba. Mun sauke tankin gas, abin da ya fito wlh ko a kwata ban taɓa gani ba. Mun cire durom ɗin gaba na dama, zoɓon da Baba ya faɗa shi muka tarar, har yaron bakaniken yana dariya wai ko Baba ya taɓa ganin motar ne. Tayoyin baya lamba uku ce a jikinsu. Na tuna yadda na so in zagaya da ita unguwa ranar da ta tashi da yara a sama, sai da jikina ya yi sanyi.

Yallaɓai mai ritaya, maganarka ta fito, ɗan famfon ƙasan a buɗe yake, da na rufe tsiyayar ta ragu sosai saura ɗigo ta wajen shaf. Farantin 16/8 ne. Na leƙa tanki da tocila, faranti ɗaya ya saki ta gefe yana lilo, sauran suna nan. A akwatin hagu na samu mesar zuƙa guda huɗu da rariyarta da bakunan nan masu murɗawa guda tara, na kwashe na kai ɗakin uwargida na kulle, ita kuma tace in dai sun kwana uku a nan za ta fara dafa abinci a ciki. Akwai jarka biyu na kumfa, ban taɓa su ba.

Malam Abu Hanan na koma yadin, an ba ni takardar wanda kotu ta naɗa ya sayar da kayan, ta kwastan kuma wai tana cikin wani kabad sai ran Litinin. Lambar shasi ta yi daidai. Jiniya na cire, har naji kamar na cire mata harshe.

Mun zauna da ƙanina, ba za a yanke ba, ba za a ɗora babban tanki ba. Birki da taya tukuna, sai takardu, famfo daga baya. Akwai masu buga bulo biyu a layinmu da suka ce za su riƙa sayen ruwa, Hajiya Maman Hanifa kuma, maganarki ta makarantu ta shiga kunnen uwargida, har ta ce ita za ta riƙe littafin kuɗin. Iyakar da muka rubuta ba zan faɗa a nan ba kar Sarkin Zolaya ya samu abin yi.

Saura abu biyu. Baba, wil silindan gaba ɗaya ya yi rami a ciki, a sa masa hannun riga, wato siririn bututun ƙarfe a ciki, a wajen masu injin yanka ƙarfe ko in haƙura in aika Panteka a nemo tokumbo? Yallaɓai kuma Asabar bayan la'asar ta yi maka mu yi gwajin allurar nan? Zan zo in ɗauke ka, akwai shayi, amma ba wanda zai sha sai an kashe famfo.